In Za a Dawo da Ciyar da Ɗalibai, a Fara da Ajin Share Fage da Gidajen Raino

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan shirin ciyar da ɗalibai da ake ta cewa za a farfaɗo da shi. Ni tsohuwar malamar makaranta ce. A ajin share fage na wata firamare ta gwamnati a nan Jihar Katsina na ƙarasa aikina, yanzu kuma ina riƙe da ɗan gidan raino a unguwarmu, inda ma'aikatan jinya da malamai da mata 'yan kasuwa ke kawo mini 'ya'yansu daga safe zuwa la'asar. Buƙatata ita ce, in za a dawo da ciyarwa, a fara da yaran da ba su wuce shekara biyar ba, kuma a rubuta ɓaro-ɓaro abin da dole ya shiga kwanonsu.

Ba zan raina abin da aka yi a baya ba. Lokacin da gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin a 2016, an ware wa kowane yaro naira 70 a rana, aka ɗauki mata masu girki daga cikin unguwanni, kuɗinsu na shiga asusunsu na banki. Gwamnati ta ce yaran da ke ci sun haura miliyan 9. A 2022 aka mayar da kuɗin naira 100, sannan a Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a gaba ɗaya, har da wannan. Da idona na ga azuzuwa sun cika, na ga zawarawa da matan da mazajensu suka rasu sun samu abin rufin asiri. Wanda ya ce shirin bai yi rana ba, bai shiga makaranta a lokacin ba.

Sai dai tsarin ya tsaya ne a kan 'yan aji ɗaya zuwa uku. Nawa yaran, 'yan shekara huɗu da biyar, ba sa cikin lissafi. In masu girki suka shigo da kuloli wajen ƙarfe goma, ƙamshin shinkafa da wake ya cika harabar makaranta, sai ka ga 'yan ajina sun yi cirko-cirko a taga suna kallon yayyensu. Wata yarinya takan zo da ɗan kwanonta kullum, duk da na sha gaya wa uwarta cewa ba a ba mu. Wasu masu girkin, Allah Ya saka musu da alheri, sukan rage ɗan abin da ke gindin kula su miƙo mana, amma lissafin kawuna aka yi musu, duk abin da suka ba mu daga bakin wani yaron suka cire. Alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ambaci abincin rana cikin abubuwan da za a bayar kyauta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, su ƙananan nan su suka fi kowa buƙata. Likitoci sun daɗe suna jaddada kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, domin a nan ƙwaƙwalwa da ƙashi ke kafa tushe. Yaron da ya tsumbure a wannan tsakani da wuya ya cike giɓin daga baya, ko da an ɗora shi kan ƙwai da madara a aji uku. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Wato a yankinmu, yaran da tsawonsu bai kai na shekarunsu ba sun fi rabi. Mun saba gani har mun ɗauka halitta ce, mukan ce ai gidansu gajeru ne. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta da ke Jihar Katsina saboda tamuwa cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗanda aka samu aka kai asibiti ke nan.

Na sani mafi yawan yara masu wannan shekaru suna gida ne a bayan iyayensu mata, su kuwa ta asibitin unguwa da ma'aikatan lafiya za a kai gare su. Amma akwai waɗanda an riga an tara su wuri guda kowace safiya: azuzuwan share fage, gidajen raino da ke ta ƙaruwa a birane, da ƙananan azuzuwan Islamiyya da ake kai 'yan shekara uku. Ba sai an bi su gida-gida ba.

Bari in gaya maka abin da nake gani idan na buɗe kulolin da iyaye ke kawowa. Yawanci taliyar leda ce da ɗan mai, ko farar shinkafa da manja da yaji, ko koko tsinkakke da sukari. A gefe kuma biskit da lemon kwali. Wallahi ba rashin so ba ne. Uwar da za ta kama aiki ƙarfe bakwai na safe, ga tsadar gas da gawayi, abin da ya fi saurin dahuwa shi za ta ɗora. Wata kuma gani take lemon kwali gata ne, tunda da tsada ta saye shi, alhali kuɗinsa zai sayi awara da gwanda. Yaro zai ci ya ƙoshi, cikinsa ya yi tim, amma jikinsa bai samu abin gini ba. In na yi magana, wata ta ji, wata ta ce Malama ta cika iyayi. Da ina da takarda a bango mai tambarin hukuma, da maganata ta fi nauyi.

Kuma ƙa'idar ba wata mai wuya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu gida takwas: nonon uwa, hatsi da dangin doya da dankali, wake da gyaɗa da danginsu, madara da kindirmo, nama da kifi, ƙwai, kayan lambu da na itace masu sinadarin bitamin A irin su karas, kabewa, zogale da mangwaro, sai sauran 'ya'yan itace da ganye. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar daga ciki a rana. Ban da nonon uwa, duk suna kasuwar Funtuwa da ta Ɗandume. Ni a gidana nakan yi garin kunun nan da ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a surfe waken a fitar da ɓawo, a haɗa a niƙa. Da shi nake karya musu kumallo. Da rana kuma yau faten tsaki da alayyafo da dakakken busasshen kifi, gobe alala, jibi dambu da zogale mai laushi, wata rana faten wake da dankalin Hausa. Ranar da aljihu ya yarda, ƙwai ɗaya a raba wa yara biyu.

Ita ƙa'idar ya kamata ta faɗi abin da aka hana ma, domin masu raino da yawa 'yan mata ne da ba wanda ya taɓa koya musu. Ba a ba jariri zuma kafin ya cika shekara. Ba a ba ƙaramin yaro gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya sarƙe shi. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta, komai arharta. Kunun da aka dama tun asuba ba a ba yaro shi da azahar a zafin bazara. Uwa mai shayarwa in ta tatso nono ta kawo, a san yadda za a adana shi, kar kuma a ɗura wa ɗan ƙasa da wata shida ruwa ko koko don ya yi shiru. Akwai ƙa'idojin cibiyoyin kula da ƙananan yara da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta fitar tun 2007, amma da Turanci suke, kuma ba su iso hannun irinmu ba.

To amma doka ba tare da tallafi ba hukunci ce kawai. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da iyaye ke biya na a wata, in na cire haya da ruwa da albashin 'yan matan da ke taya ni, ba ya isa in ciyar da kowane yaro yadda nake so, in kuma na ƙara kuɗi, talakan ciki ne zai fara janye ɗansa. A Amurka gwamnati na mayar wa masu raino kuɗin abinci, har waɗanda ke yi a cikin gidajensu, muddin abincin rana ya haɗa madara, nama ko madadinsa, hatsi, kayan lambu da 'ya'yan itace. Wanda bai cika ba, ba a biyan sa kuɗin wannan cin. Kar a ce ai su masu kuɗi ne: Indiya tun 1975 take da cibiyoyin unguwa da ake kira Anganwadi, inda 'yan ƙasa da shekara shida da masu ciki da masu shayarwa ke samun ƙarin abinci, ana kuma auna nauyin yara. Yawansu ya ninka namu, kuma su ma suna da talakawa masu yawa.

Darasin da naira 70 ta koya mana shi ne kar a ɗaure ƙa'ida da adadin kuɗi. Farashi ya yi ta hawa, kuɗin na tsaye, masu girki suka dinga rage ludayi har abincin ya koma ɗanɗano. Yau naira 100 ko ƙwai ɗaya ba ta saye. A rubuta ƙa'idar da awo: gwangwani kaza na hatsi, kaza na wake, ƙwai sau kaza a mako ga kowane yaro, sannan kuɗi ya bi farashin kasuwa duk zangon karatu. Ko kuma jiha ta sayi gero da waken suya da gyaɗa da kaka daga manomanmu, ƙungiyoyin mata su sarrafa garin, a raba wa azuzuwan share fage da gidajen rainon da suka yi rajista. In kuɗi ne, ya shiga asusun mai girki kai tsaye, ba ta hannun wani ɗan tsakiya ba. Mai duba mu kuma ya zama ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, ta zo ba sanarwa, ta buɗe tukunya, ta auna damtsen yara da zaren awo. Wanda awonsa ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tura shi asibiti a ranar. Ni na yarda a fara da gidana.

Kai ma, Malam Edita, ina da roƙo gare ka. Ka sa wakilinka ya nemi jami'an abinci mai gina jiki na ma'aikatar lafiya, su tsara jadawalin abincin mako na 'yan wata shida zuwa shekara biyar da kayan da ke kasuwanninmu, ku buga shi da Hausa a shafi guda, da boko da ajami, yadda mai raino za ta iya yankewa ta manna a bango. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗi. Sannan a tambayi Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta kowace jiha yara nawa ne ke azuzuwanta na share fage, kuma suna cikin lissafin ciyarwar da za a dawo da ita ko a'a, ku buga mana amsar kowace jiha.

Wassalam.

Taku,
Malama mai gidan raino,
Funtuwa, Jihar Katsina.