A ja hankalin yaranmu masu haɗa jirgin rimot kan hular farfela

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina jin daɗin yadda kuke bawa matasanmu masu ƙera jiragen rimot fili, Allah ya saka. Abin da yasa na rubuto shine na lura wasu sun fara wuce ƙananan jiragen soso masu batir, yanzu idonsu na kan manyan jiragen yaƙi irin su P-51 Mustang da Spitfire da P-40 da suke gani a YouTube, kuma akwai abu ɗaya a jikinsu da nake tsoron a ɗauke shi kwalliya ce kawai, wato sifina, hular nan mai tsini da ke rufe tsakiyar farfela.

A Amurka inda harkar ta yi ƙarfi, jirgi mai fiffike hawa ɗaya sai faɗinsa daga ƙarshen wannan fiffike zuwa wancan ya kai inci 80, kusan mita biyu kenan, kafin a sa shi sahun manya. Irinsu ake kaiwa Joe Nall, taron masu jiragen rimot da ake yi duk watan Mayu a jihar South Carolina. Mustang mai wannan girman injin fetur yake ɗauka mai cc 50 ko 55, irin DA-50 ko DLE-55, da farfela inci 22 da ke juyi wajen 7,000 a minti ɗaya, ita kuma hular faɗinta kusan inci 5. Ka lissafa, bakin farfelar nan yana gudun da ya haura kilomita 700 a awa. Toh abin da ke juyi haka in ya ɓalle ai ba ya tambayar wanda ke tsaye a gefe.

Wurin da aikin yake shine farantin baya, wato faifan da ke bayan farfela wanda hular ke zama a kai. Waɗannan injinan ba noti ɗaya ke riƙe farfelarsu ba, ƙusoshi huɗu ne, dole a huda farantin da farfelar daidai da ramukan injin, kuma ba da ido ake yi ba, akwai ɗan ƙarfen awo da ake ɗorawa a bi ramukansa da injin huda na tebur. Sannan kafin ma ka huda sai ka fara duba inda farfela zata tsaya lokacin da fistin ya fara matsewa, saboda da hannu ake tada yawancinsu, ka kuma tabbatar ta faɗo daidai da tsagar da ke jikin hular inda farfela ke fitowa, in ka huda kafin ka duba wannan kaga ka yi asarar faranti ga tsada ga jiran a sake kawo wani daga waje.

Tsagar nan kuma ko kusa kada ta taɓa farfela. A bar tazara ta ko'ina, ka ɗauki ɗan kwali siriri ka zagaya da shi tsakanin alminiyam ɗin hular da katakon farfelar, in ya maƙale a wani wuri a sa zarto a rage a goge bakin ya yi sumul. In ta taɓa, jijjiga zata sa ƙarfen ya riƙa cin katakon a hankali daga gindi, ba ka gani saboda hula ta rufe, ranar da zai karye kuma injin na kan cikakken wuta. Haka tsakanin farantin da hancin jirgin, milimita 2 zuwa 3 ya isa, magina kan manna ɗan falle na katako a wurin suna ɗaura inji su cire daga baya. Kuma tunda ana ɗan karkatar da injin dama don ya rage jan da farfela ke yi, sai an matsar da gindinsa hagu kaɗan kafin hular ta zauna a tsakiya.

Ƙusar tsakiya mai riƙe hular ita ma a auna ta. Ta yi tsayi, zata kai ƙarshen rami ka ji kamar ta ɗauru alhali hular na rawa. Ta yi gajarta, zare biyu uku ne kawai ke riƙe da ita. Farfelar katako kuma tana lotsawa, sai an riƙa sake duba ƙusoshin bayan tashin farko-farko.

Sai balas. Duk wanda ya taɓa tuƙa mota da tayar da ba'a yi mata balas ba ya san yadda sitiyari ke kaɗawa, toh haka jirgin yake ji, boris ya lalace, notika su kwance, wayoyi su tsinke a sama. A gwada farfela ita kaɗai, a gwada faranti da hula, a yi musu alama yadda kullum za'a mayar da su yadda suke.

Wallahi hankalina na tashi in na ji ana cewa a yanka mazurarin roba ko a buga kwano a yi hula da shi. A kan ƙaramin jirgin batir ma da haɗari balle injin fetur. In babu kuɗin ta kamfani irin Tru-Turn, gara a tashi jirgin hanci a buɗe, zai tashi lafiya lau, sai dai a sake duba nauyin gaba tunda an rage masa wani abu.

Don Allah Edita duk sanda wakilinku zai je ɗaukar rahoton irin wannan, ya sa a mayar da yara da 'yan kallo bayan jirgin kafin a tada inji, kar kowa ya tsaya gaba ko daidai gefen farfela, kuma a kashe makunnin wutar fulogi kafin hannu ya je kusa da hular.

Naku mai karatu,
daga Kaduna.