Ba a jawabi ake gane mai goyon bayan kimiyyar sararin samaniya ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da aka yi sabon shugaban kwamiti a majalisar dokokin Amurka, sai masu sharhi su shiga tono jawabansa don su gano ko zai tsaya wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar. A ganina wahalar banza ce. Yabon 'yan sama jannati ba ya cin ko sisi, kowa ma yana yi.

A fara duba kujerar da yake kai. Kwamitin kimiyya yana tsara manufa ne kawai, amma kuɗin, kusan dala biliyan 25 a shekara, daga hannun kwamitin rabon kasafi yake fita. Sai kuma a duba mazaɓarsa. A 2011 'yan majalisar wakilai sun nemi a soke aikin madubin hangen nesa na James Webb saboda ya ci kuɗi fiye da kima. Sanata Barbara Mikulski ce ta tsaya kai da fata, kuma ba abin mamaki ba ne, domin cibiyar Goddard da ke kula da aikin tana jiharta ta Maryland. An harba madubin a Disambar 2021.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne a ɗauka mai son roka mai son bincike ne. Sanata Richard Shelby ya shekara da shekaru yana kare SLS, babbar rokar NASA da ake jagorantar aikinta daga Huntsville a jiharsa ta Alabama. Wannan kare guraben aikin mutanensa ne, ba lallai ya amfani mai nazarin duniyoyi ba. Har sai da majalisa ta wajabta a ɗora kumbon Europa Clipper, mai zuwa binciken wani wata na duniyar Jupiter, a kan SLS, daga baya ta janye sharaɗin, aka harba shi da rokar Falcon Heavy ta kamfanin SpaceX a Oktoban 2024.

Shi kansa kumbon, ɗan majalisar wakilai John Culberson na Texas ne ya yi ta zuba masa kuɗi fiye da abin da hukumar ta nema, alhali a Kalifoniya ake ƙera shi. Sha'awa ce ta gaske, irinta kuwa ba ta da yawa, kuma ya faɗi zaɓe a 2018.

Don Allah, Malam Edita, idan za ku sake kawo rahoto a kan ɗayansu, ku faɗa mana ƙuri'ar da ya kaɗa ranar da aka zo yanke kason kimiyya.

Naku,
Mai karatu a kullum