Yashi baya tashi sama, tsalle yake yi a ƙasa

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya jama'a.

Ina sauraron shirinku na noma da muhalli, kuma Allah ya saka da alheri, amma akwai abu ɗaya da nakeso ku gyara. Duk sanda aka zo maganar kwararowar hamada sai inji ana cewa iska ta ɗauko yashi daga Sahara ta zubo mana, mai sauraro sai ya ɗauka yashin nan ta sama yake zuwa kuma ba abinda zai tare shi sai manyan bishiyoyi da gwamnati zata dasa. Abinda ke tafiya ta sama ƙura ce, shi yashi yayi nauyi, tsalle-tsalle yake yi dab da ƙasa.

Duk wanda iskar farkon damina ta taɓa ritsawa dashi a gona a Yusufari ko Machina ko can Maine Soroa ya san abinda nake faɗa. Idonka ƙura ce ke shiga, amma zafin a ƙwauri kake jinsa, daga gwiwa zuwa ƙasa. Ka duba katangar laka dake bakin gari ko turken waya na itace, gindin ne yake cinyewa, saman yana nan lafiya lau. Iska zata ɗaga ƙwayar yashi ɗaya, wadda kaurinta bai wuce rabin milimita ba, tayi ɗan tsalle ta faɗo a karkace da ƙarfi, inda ta faɗa sai ta bugi wasu su ma su tashi, su ma su bugi na gaba, kafin kace kwabo duk fuskar gonar tana gudu. Masana ƙasa suna ce masa saltation, asalinsa daga Latin ne, tsalle kenan. Wani injiniyan sojan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya sha yawo da mota a hamadar Masar da Libiya, shi ya zauna ya auna abin har ya fitar da littafi a 1941, a lissafinsa kusan kashi uku cikin huɗu na yashin da iska ke kora ta wannan tsallen yake tafiya, sauran kuma manyan ƙwayoyi ne dake mirginawa saboda dukan da masu tsallen ke musu.

Ita kanta ƙurar hunturu da muke shaƙa haka ake samunta. Busasshiyar laka bata tashi da kanta cikin sauƙi, sai masu tsallen nan sun dake ta sun farfasa. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi ne tun zamanin da yake ƙato, iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta faɗa masa, daga nan ake samun kaso mai yawa na hazon dake hana jirgi sauka a Kano, wata ƙurar ma har dajin Amazon take kaiwa.

 Ni dai abinda tsallen yashin nan ke yi wa gonata ne ya dameni.

Dan wallahi asarar da abin nan ke jawowa ba kaɗan bace. Mutum yayi binne, ruwan farko ya sauka, gero ya fito kunne biyu gwanin sha'awa, sai hadari ya haɗo daga gabas da iskar nan da take riga ruwa isowa, minti ashirin kawai, ka dawo ka tarar da tsiron kamar an babbake shi, wani kuma yashi ya rufe shi ruf. Sai a sake shuka, in da sauran iri kenan, in babu a tafi neman bashi. Kuma mu da hannunmu muke share masa hanya: ana gama girbi a kwashe kara tas a kai kasuwa ko a ɗora a bishiya saboda dabbobi, da bazara azo sharar gona a sare sabara da kalgo a tara a cinna wuta, gona ta zama fili fetal. Nasan karan nan kuɗi ne yanzu, kuma mai shanu baida zaɓi, ban ce laifin kowa bane. Amma tunda tsallen bai cika wuce gwiwa ba, ashe ko karan da aka bari kwance, ko kututturen sabara, ko ɗan darni da aka gitta wa iska, duk suna karya masa gudu, ƙwayar ta faɗa cikin kara ta maƙale bata bugi kowa ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun rigamu gane wannan. A yankin Maraɗi tun wajen 1983 aka fara abinda suke kira sassaben zamani, maimakon a sare tohon da ke fitowa daga kututture sai a zaɓi masu ƙarfi a bari a rinƙa gyara su, ba a dasa komai ba, kuma an ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka a Maraɗi da Damagaram da kewaye ya kai hekta miliyan 5, gawo ya dawo gonaki. A wajen Gure kuma in zasu tsayar da tudun rairayi shinge suke kafawa gida-gida da rassa da kaba, sai yashin ya lafa sannan a shuka ciyawa da itace a ciki. Mu kuwa anan sai a jira watan bakwai, azo da motoci a dasa dogon yaro a ɗauki hoto, awaki su gama dashi kafin kaka.

Dan Allah Edita ku ware shiri guda akan wannan, kuma ku sa shi kafin a fara sharar gona, wajen watan uku, ba sai damina ta faɗi ba. Ku gayyato malamin gona ɗaya da dattijon manomi ɗaya daga ƙetaren iyaka wanda yayi sassaben nan da hannunsa, ku buɗe layi mutane su tambaye su yawan karan da ya kamata a bari da yadda za'a sasanta da makiyaya akansa.

Nagode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku daga Nguru, jihar Yobe