Fulawar Burodi da Fulawar Lambu: Asalinsu Ɗaya Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi bayani a kan kalmar fulawa, wadda muke kiran garin burodi da ita, muke kuma kiran furen da ake shukawa don ado da ita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ana gab da Sallah na raka jikata kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sayen kayan cincin, sai ta tambaye ni dalilin da ya sa mai auna gari a mudu da mai jera shuke-shuke a bakin titi dukansu fulawa suke sayarwa. Na sha jin wasu 'yan boko suna cewa kunnen Bahaushe ne ya kasa rarrabe kalmomin Turanci biyu, flour da flower, ya cakuɗa su. Wannan zargi ba shi da tushe, domin su kansu Turawan lafazi ɗaya suke yi wa kalmomin, kuma tarihi ya nuna cewa da can kalma ɗaya ce.

Tushenta Latin ne, harshen Rumawan dā, inda ake kiran fure flos. Daga nan ta shiga tsohon Faransanci, sannan ta tsallaka Ingila bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa masu magana da Faransanci, suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da na masu hali. A wancan zamani, ban da furen itace, kalmar tana nufin mafi kyawun ɓangaren kowane abu. Mai niƙa yakan niƙa alkama da dutse, sannan a tankaɗe da ƙyalle, dusa da tsaki su tsaya a sama, lallausan farin gari ya zuba ƙasa. Wannan lallausan shi suka kira furen gari, wato zaɓaɓɓen cikinsa, kuma har yau Faransawa suna da wannan furuci na fleur de farine. Duk macen da ta taɓa riƙe rariya a tsakar gida ta san abin da ake nufi ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Rubutun kalmar ya daɗe bai rabu ba. A cikin ƙamusun Turanci da marubucin Ingila Samuel Johnson ya wallafa a 1755, ma'anar gari tana ƙarƙashin flower ne tare da ma'anar fure, sai daga baya aka tsayar da rubutu biyu don sauƙaƙa wa mai karatu. Da kalmar ta iso ƙasar Hausa tare da Turawan mulki da kantunansu, sai harshenmu ya saka wasali tsakanin baƙaƙen farko, kamar yadda ya yi wa burodi da buroshi, ta zama fulawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan baƙuwa take neman danne 'yan gida. Mun san alkama tun kafin zuwan Bature, sunanta ma daga Larabci muka aro shi, kuma da garinta iyayenmu suke yin alkaki da funkaso da taliya. Garin alkama da ake wankewa, a shanya, a kai inji, yana ɗauke da dusarsa da ƙwayar tsironsa, shi ya sa launinsa ya ɗan yi duhu kuma ya fi riƙe ciki. Fulawa kuwa an cire mata waɗannan biyun, abin da ya sa ta yi fari fat, take kuma daɗewa a buhu ba ta lalace ba, amma ta rasa wani kaso na amfaninta ga jiki, har sai da hukuma ta wajabta wa kamfanonin niƙa su ƙara mata sinadarin bitamin. Yau a Kaduna za ka ji yarinya mai koyon girki tana kiran kowane gari fulawa, kuma da wuya ka ji yaro ya ce fure, alhali kalmar tana nan a bakin tsofaffinmu da manomanmu, masu cewa wake ya yi fure.

Don haka ina kira ga wannan jarida, musamman masu kula da shafin girke-girke, da su riƙa rubuta fulawa idan farin garin kamfani suke nufi, garin alkama idan wanda ba a cire wa dusa ba ne, fure kuma idan ana maganar abin da ke tohowa a kan tsiro. Na faɗa wa jikata haka a hanyarmu ta komawa gida, kuma na yi mata alkawarin cewa bayan Sallah kakarta za ta nuna mata yadda ake kwaɓin alkaki.

Wassalam.

Malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.