Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Ci Gaban Unguwa

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan'uwa, ga rahoton sakatare na shekarar da ta ƙare.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Kwalbatin bakin kasuwa bai kammalu ba, kuma mun ji ƙorafin da ake yi a majalisu. Kwamitin ayyuka ya haƙa gurbin, ya zuba yashi da tsakuwa, sai kuɗin siminti da rodi suka tashi, alhali galibin 'yan ƙungiya ba su biya kuɗin wata ba tun bayan babbar salla. Ma'aji ya bi gida-gida har ya fara jin nauyin yin sallama. Abin mamaki, waɗanda ake bi bashi su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana.

Abin da ya faranta mana rai shi ne taron wayar da kai kan filaye da muka shirya kafin faɗuwar damina. Filin makaranta ya cika, mata suka zo da yawansu, matasa kuma suka kawo tabarmi da ruwan sanyi ba tare da an roƙe su ba. Baƙonmu, tsohon ma'aikacin tsara birane, ya bayyana cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta maye gurbin takardar shaidar mallaka. Ya nuna yadda Sakkwato ta tsallake iyakar ƙananan hukumominta biyu, ta kutsa cikin Wamakko da Kware da Dange-Shuni, inda ake yanka gonaki da awon igiya ba a bar wa titi ko magudanar ruwa ko maƙabarta wuri ba. Da ya tuno ambaliyar 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya cika kogin Rima har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, dattawa da kansu suka karɓe zancen, aka kai magariba ana tambayoyi.

A ganinmu damar da ta rage ita ce gonakin bayan unguwa da ba a yanka ba tukuna. Idan muka je wa hukumar tsara birane da murya ɗaya, za mu iya neman a shata tituna, a ware wurin makaranta da na dashen dogon yaro, kafin gine-gine su rufe ko'ina. Sai dai awo da zirga-zirgar takardu suna cin kuɗi, kuma mutum biyar ɗin da ke ɗauke da ƙungiyar nan sun gaji.

Kwamitin zartarwa ya yanke shawarar karanta sunayen waɗanda ake bi bashi a taro na gaba. Mai son biya kafin nan zai sami ma'aji a ofis kowace Asabar bayan la'asar.

Sakatare