Sanarwa ga masu gidaje da gonaki kusa da wurin fasa dutse

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk wanda bangon ɗakinsa ko rumbunsa ya tsage tun da aka fara tada nakiya a wurin haƙar dutsen siminti, ya ɗauki hoto yau. A ɗora tsinken ashana a bakin tsagar don a ga faɗinta, a rubuta kwanan wata. Ginin ƙasa ba ya jure girgiza, kuma in damina ta sauka bangon ya zube, cewa za a yi ruwa ne ya kayar da shi.

Masu albasa da ƙura ta lulluɓe wa ganye, da waɗanda rijiyarsu ta ja baya, ku ma ku ɗauki hoto.

A dokar ma'adinai ta 2007, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, amma akwai diyyar gini, amfanin gona da itatuwa. Dole ne kuma kamfani ya ƙulla yarjejeniya da al'umma. Don Allah kada kowa ya dangwala yatsa a takarda shi kaɗai, ko nawa aka miƙo masa.

Mu haɗu ƙofar gidan maigari ranar Asabar bayan La'asar. A hana yara wanka a ramukan nan, sun fi yadda ake gani zurfi.