Ku Daina Ruɗa Mu da "Ya Ninka Sau Uku"

Zuwa ga Editan Labarai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙorafi nake da shi kan yadda masu fassararku ke kawo mana lissafin tsadar kaya.

Turawa kan ce "three times more", kuma su kansu bakinsu bai zo ɗaya a kan ma'anarsa ba. Mafi yawansu na nufin ɗaya ya zama uku, masu ƙididdiga kuma su ce a'a, uku aka ƙara a kan na asali, wato huɗu kenan. Sai mai fassara ya kwaso wannan ruɗani ya haɗa da namu, ya ce abu "ya ninka sau uku". To, a je Kantin Kwari a miƙa wa mai atamfa turmi a ce ya ninka sau uku. Ninkin farko biyu, na biyu huɗu, na uku takwas! Tsohon da ke riƙe da rediyo a ƙofar gida, wanne zai ɗauka?

Ga batun fetur. Kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ana sayar da lita wajen Naira 190. Zuwa watan Yuli ta haura 600. Faɗin lambobin nan biyu kaɗai ya wadatar, kowa zai gane cewa kuɗin lita uku na da su ne kuɗin lita ɗaya a watan Yulin 2023. Haka mafi ƙarancin albashi da ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a 2024: riɓi biyu ne da ɗoriya, ba sai an wahalar da mu ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne "darajar Naira ta faɗi sau uku". Yaushe da yaushe ta faɗi? Mai sauraro zai zaci karo uku ake nufi. Dala ce ta tashi daga kusan Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, wato Naira ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na darajarta.

Na san ɗakin labarai akwai gaggawa, agogo ba ya jiran kowa. Duk da haka, don Allah a riƙa faɗin tsohon farashi da sabo tukuna, in ya so ninkin ya biyo baya.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Fagge, Kano.